Idon Dije na Dama

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai ba da lafiya. Sunana Haladu, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Karaye. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma malaminmu ya ce duk wanda hannunsa ya faɗa, ya rubuta abin da zai amfani wani. Ni abin da nake da shi ke nan, jinyar 'yata Dije a bazarar da ƙyanda ta shigo ƙauyukanmu. Don iyaye maza na rubuta. Wasu sun yi mini dariya a lokacin, wasu har yau suna yi, kuma ban roƙi kowa ya daina ba.

Na haura shekara arba'in kafin Allah ya ba ni haihuwa. Aurena na farko ya mutu babu ɗa, sai a kan matata Talatu aka samu Dije. To, a wurinmu ba a nuna wa 'yar fari so. Uba ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta a gaban mutane, in an tambaye shi lafiyarta sai ya kau da kai kamar ba da shi ake ba. Haka na tarar, haka na bi. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". A cikin gida ne kawai, inda babu idon kowa, nake sakewa da ita.

Bazarar nan ta zo da zafi tun da wuri. Aikina a lokacin sharar gona ne da kai taki a jaki, da yamma kuma in taɓa yaɓen katangar da damina ta zubar. Dije ba ta cika shekara biyu ba, ta fara gudu ke nan. In na dawo daga gona sai in tarar da ita a bayan zaure tana jira, dole in ɗora ta a kan jakin daga nan zuwa turke, in ba haka ba gidan ba zai zaunu ba. In rana ta take, uwarta takan zaunar da ita cikin daro da ruwa a gindin darbejiya, tana dukan ruwan da hannu biyu tana yi wa kaji faɗa. Lokacin mangwaro ne, ta tsotse ƙwallon har ya yi fari, sannan ta je ta cusa mini shi a cikin takalmi. In ina kwaɓa ƙasa, ita ma ta kwaɓa tata, ta yaɓa wa akuya.

Ana cikin haka Talatu ta samu ciki. Mata suka ce nonon ya ɓaci, dole a yaye yarinya. Mahaifiyata ta rasu, don haka aka kai Dije Zoza wurin Inna, mahaifiyar Talatu. Dokar yaye kuwa kowa ya san ta: uwa ba ta zuwa sai yaro ya manta da nono, uba kuma ba shi ma cikin maganar, balle uban 'yar fari, balle a gidan suruka.

Makon farko labari mai daɗi ya zo, an ce ta yi kuka ta gaji, ta kama kunu. Daga nan shiru. A ƙarshen mako na biyu na je kasuwar Rogo neman ruwan fartanya, sai na haɗu da wata dattijuwa maƙwabciyar Inna. Bayan mun gama gaisawa ta rage murya ta ce baƙo ya sauka a gidan surukata. Haka ake cewa, ba a kiran ƙyanda da sunanta. Ta ce an daɗe ana fama, an fara da mura da tari da jan ido, sannan ƙuraje suka feso daga bayan kunne. Ta ce a unguwarsu an binne yara a makon. Na ce, yarinyar nan fa? Ta ce Inna tana ƙoƙari, sai dai idon yarinyar ba ya buɗuwa.

Na dawo gida na faɗa wa Baffa Sale, ƙanin mahaifina, shi ne babba a gidanmu. Ya ce ƙyanda cutar tsofaffin mata ce, su suka san kanta. Ya ce in na je kamar na ce wa suruka ba ta iya riƙo ba, kuma wane irin namiji ne zai bi 'yar fari gidan yaye. Ya ce mu duka mun yi ta, ga mu nan da ranmu. Talatu tana daka a lokacin, ba ta ɗago kai ba, don kunyar da ke kanta ta fi tawa. Sai da Baffa ya fita, ta zo ajiye mini ruwa, ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "In kekenka ba iska, na maƙwabcinmu Malam Audu yana nan."

Washegari bayan sallar asuba na hau keke.

A Zoza na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa da ƙofar ɗakin Inna kamar yadda na saba. Muka gaisa, muka yi gajiya, muka yi zafi, muka yi mutanen gida. Da gaisuwa ta ƙare ban tashi ba. Na ce ina so in ga yarinyar. Ta ce tana barci. Na ce zan gan ta a hakan. Tun da na auri Talatu ban taɓa taka ɗakin nan ba, ranar na ɗaga asabari na shiga.

Ku da ba ku gani ba, ku ji yadda ake yi. An toshe tagar ɗakin da tsumma. A tsakiyar bazara ga kasko da garwashi. An naɗe yarinya da gwado don ƙurajen su gama fitowa. Tun da abin ya fara ruwa bai taɓa jikinta ba. An hana ta nama, an hana ta mai, an hana ta ƙwai da nono, sai jiƙo da ɗan tsinkakken kunu. Yarinyar da nake ɗorawa a jaki ta koma kamar 'yar tsana. Numfashinta sama-sama, haƙarƙari yana shiga yana fita. Idanun sun manne da kwantsa, kuma kullum da safe Inna tana ɗiga mata ruwan wani ganye ta bi da kwalli. Da hasken ƙofa ya taɓa fuskarta ta yi ƙara ta cusa kai cikin gwado. Na yi mata magana, sai ta miƙo hannu tana laluben inda nake.

Ba zan zalunci Inna ba. Ita ma ta rame, idonta ya faɗa, a zaune take kwana. Abin da uwarta ta yi mata shi take yi wa jikarta. Na durƙusa na ce zan kai yarinyar asibiti.

"Haladu, yau kai ne a cikin ɗakina?"

"Ni ne, Inna."

"Kunyar fa? Ina ka ajiye ta?"

"Tana nan, Inna. In na dawo da yarinyar sai in ci gaba da ji."

Ta ce ƙyanda ba ta son allura, da an soka sai ta koma ciki ta kashe yaro. Ta lissafa mini 'ya'yan da ta raina da jikoki. Na saurara har ta gama, ban katse ta ba. Sannan na ɗauki zanen da ke kan gado na ɗora Dije a bayana. Ban taɓa goyo ba, na ɗaure nan ya kwance can, yarinya tana zamewa. Inna tana kallona, ranta a ɓace, har ta kasa jurewa. Ta ce, "Juyo nan, kada ka yar mini da jika a hanya." Ita ta ɗaure goyon da hannunta, ta ƙara majanyi, ta lulluɓa mata mayafi saboda rana. Ba ta yi mini sallama ba.

Na bi ta gaban majalisar da ke bakin masallaci, maza suna zaune a inuwa. Wani ya ce, "Malam Haladu, a kawo maka ɗankwali ne?" Aka kwashe da dariya. Na ce in akwai mai kyau a ajiye mini, zan dawo ta nan. Na taka kekena.

A wani ɗakin shan magani da ke kan hanya na fara tsayawa. Malamin asibitin ya wanke mata ido da auduga da dafaffen ruwa, ya ɗaga fatar idon ya duba, sai na ga ya daina fara'a. Ya ce ba shi da komai sai maganin zazzaɓi, in wuce birni yau, kada in kwana. Shi ya riƙe mini keke, shi ya tsayar mini da mota. Allah ya saka masa. A cikin motar mata suka janye 'ya'yansu daga kusa da mu, ban ga laifinsu ba. Wata a cikinsu ta miƙo mini maficinta, da shi na yi ta yi wa Dije fifita har Kano.

A asibiti layin yankar kati kaɗai ya ci mana abin da ya rage na yinin. Kana tsaye a rana da yaro yana suma a bayanka, mai ba da kati ya rufe taga ya tafi cin abinci. Da ya dawo ya tambaye ni sunan yarinya. Na buɗe baki zan ce yarinyar nan, sai na ga babu wanda zai faɗa in ban faɗa ba. Na ce Hadizatu, ana ce mata Dije. Ranar na fara kiran sunanta a gaban mutane, kuma ban ga abin da ya faɗo daga sama ba.

Likitan matashi ne, a haife na haife shi. Ya saurari ƙirjinta ya ce ƙyandar ta sauka huhu, nimoniya ce. Ya tambaya ko an yi mata riga-kafi. Na ce masu riga-kafi sun zo garinmu tana jaririya, suka ce ba ta isa ta ƙyanda ba, za su dawo, ba mu sake ganinsu ba. Ya haska idanun da 'yar fitila, ya daɗe a kan na hagu. Abin da ya faɗa har yau yana kunnena. Ya ce, "Baba, na hagu ya riga ya yi miki. Na dama muke so mu tsare."

Daga wannan rana abin da na sa a gaba ke nan, idon dama.

Aka ba mu gado, yara biyu a kai, kai da ƙafa. Wata nas ta yanke bakin wata jar ƙwayar magani da almakashi ta matse mata a baki. Ta ce sunansa bitamin A, kuma ƙyanda ce take cinye shi a jikin yaro, in ya ƙare sai ido ya bushe ya fashe. Na tambaya a ina ake samunsa. Ta ce a manja, da ƙwai, da hanta, da zogale, da mangwaro. Yawancin abubuwan da aka hana yarinyar ke nan ta jera mini. Wannan ƙwayar kyauta aka ba mu. Sauran kuwa, allura da man ido da ruwan da ake ƙarawa, sai a rubuta maka ka je kemis, kuma kuɗin jiya ba shi ne na yau ba.

Namiji ba ya kwana a ɗakin yara, sai an samo mace. Talatu ga ciki, an ce kada ta matso kusa. Na aika gida ta hannun direba, ban san wa zai zo ba. Kashegari da hantsi sai ga Inna da tabarmarta da ƙullin kayanta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ta wuce ciki. Duk makon nan ba ta yi mini wata magana ba bayan gaisuwa. Amma ita ke riƙe kan Dije a sa man ido, ita ke ba ta kunu cokali-cokali, ita ke wankin kashi. In an zo allura sai ta juya fuska bango tana salati. Ni kuma ina gindin bishiya da sauran maza, da an buɗe ƙofa in shiga.

Akwai abin da zan yi kuka da shi. Wata ma'aikaciya ta tsaya a kanmu tana cewa mu mutanen ƙauye sai yaro ya kusa mutuwa muke kawo shi. Gaskiya ta faɗa, amma da tsohuwa take magana, kuma a gaban jama'a. Famfo yakan ƙafe, sai mun sayi ruwa a waje. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Amma a ɗakin nan dai akwai wata sista da takan zo tun kafin lokacinta don ta wanke wa Dije ido da kanta, tana yi mata waƙa. Ban san sunanta ba. Allah ya san shi.

A cikin mako na biyu zazzaɓin ya dawo da ƙarfi. Jikinta ya yi zafi kamar kasko, ta daina karɓar kunu. Yaron da suke gado ɗaya ya rasu. Inna ta ce ai ta faɗa, ƙyanda ta koma ciki, ta fara ɗaure kayanta. A ranar ne kuma Baffa Sale ya iso. Ya kira ni gefe ya ce an yi ruwan shuka, kowa yana gona, tawa ce kaɗai a bushe. Ya ce na gwada asibiti an gani, in tattara yarinya mu koma gida, in ma wani abu zai faru gara ya faru a cikin dangi. Ya ce an gaji da jin sunan gidanmu a bakin mutane.

Na shiga na tambayi likita. Ya ce zai canja allurar, in ba shi kwanaki kaɗan. Ya ce in aka daina sa man nan a idon dama yanzu, zai bi ɗan'uwansa. Na fito na ce wa Baffa ba za mu tafi ba.

"Ni kake mayar wa magana, Haladu?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa. In ban shuka bana ba, zan shuka baɗi. Ita ido biyu aka ba ta, ɗaya ya tafi."

Ya ce da can an san ni da haƙuri. Na ce har yanzu haƙurin nake yi, a nan zan yi shi. Na je na zauna a bakin ƙofar ɗakin yara, inda duk mai fita da yaro sai ya tsallake ƙafata. Inna ta fito da ƙullinta ta gan ni a nan. Ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ta kwance kayan. Kafin Baffa ya tafi na roƙe shi ya sayar mini da jakin, don abin hannuna ya ƙare. Ya kaɗa rigarsa ya wuce. Amma bayan kasuwa ta ci sai ga kuɗin jaki a hannun direba, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya an shimfiɗa musu dusa. Bai aiko da saƙon komai ba.

Sabuwar allurar ta karɓe ta. A mako na uku zazzaɓi ya sauka, numfashi ya daidaita, fatar jikinta ta yi ta saɓa. Inna da kanta ta fara dama mata kunu da ƙwai, tana cewa ita dai ba ta ga amfaninsa ba, amma tunda an aiko kada ya lalace. Wata safiya sista ta wanke idon dama, sai ya buɗe, ya tsaya a buɗe. Inna ta ɗago cokali daga nesa, ba ta ce komai ba. Dije ta karkata kai, ta bi cokalin da kallo, ta miƙa hannu ta cafke shi. Na fita waje na yi sujada a kan ƙasa.

Na hagu ya warke da farin tabo a kansa, ba ya gani. Likita ya ce haka zai zauna.

Mun dawo gida dawa ta kai gwiwa a gonakin mutane. Na shuka wake da ɗan gero a makare, abin da na samu bai kai mu wata bazarar ba, sai da na yi ƙodago. Maƙwabta biyu sun taya ni noma, ban manta ba. A gari kuwa magana ta bazu cewa allurar asibiti ce ta cinye idon hagu. Inna ma har gobe haka ta yarda. Ba na musu da ita. In na je Zoza ina cire takalmi a zaure in durƙusa nesa da ƙofa kamar da, kuma duk abin da zan kai mata ban biya ta kwanakin nan ba. Amma in wani ne ya faɗa, ina gaya masa cewa na ga idon nan kafin allura ta taɓa ta, kuma ni na ɗauko ta daga ɗakin.

Abin da nake so uba ya riƙe kaɗan ne. In an kai yaronka yaye, ka je ka gan shi, ko na fari ne. In ƙyanda ta kama shi, a buɗe taga, a goge masa jiki, a ba shi abinci mai mai. Kada a ɗiga masa komai a ido sai abin da asibiti suka bayar. In ya ƙi haske, ko numfashinsa ya yi sama, ka ɗauke shi a ranar. Za a ce ba ka da kunya. An ce mini, ga ni nan ina cin tuwo.

Cikin da Talatu take da shi namiji ta haifa. Da ya isa riga-kafi aka yi shela cewa masu allura za su zo ƙofar gidan mai gari. Na goya shi da kaina, na riƙe hannun Dije, muka je muka shiga layi. Ni kaɗai ne namiji a cikin mata. Masu allura suka makara, rana ta yi sama, wasu matan suka fara cewa ba za su zo ba, a watse. Daga inuwar da maza suke wani ya ce, "Haladu, yau ma goyon ne?" Na ce yau ma shi ne, ya kawo nasa in haɗa.

Dije tana tsaye a gefena, ta karkata kai yadda take yi in za ta duba abu mai nisa. Sai ta ja mini riga ta nuna hanyar Karaye, ta ce, "Baba, ga motar can."

Muka duba, mu masu ido biyu, ba mu ga komai ba. Sai can ta ɓullo daga bayan kukoki.